Shawara Ga Manoma: In Numfashin Kare Ya Sāke

Jama'a, manomi da makiyayi sun san amfanin kare. Shi ke korar biri daga gona, shi ke tsaron garke da dare. Saboda haka ya kamata mu san lokacin da numfashinsa ke nuna ciwo.

Da fari dai, ba kowane haki ne ciwo ba. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Don haka in ya yi gudu, ko rana ta yi zafi, sai ya zaro harshe yana haki don ya sanyaya jiki. In ya huta a inuwa, ya sha ruwa, sai ya daina.

Ga yadda za ka gane ciwo. Bari sai yana barci, ka dubi haƙarƙarinsa, ka ƙidaya tashinsa cikin minti ɗaya. Lafiyayyen kare ba ya wuce sau 30. In ya kai 40 yana kwance, akwai damuwa. Sa'an nan ka dubi dasashinsa. Ja-ja ne ga mai lafiya. In ya yi fari ko shuɗi, ko kuwa karen ya ƙi kwanciya, ya miƙe wuya yana jan numfashi da ciki, to, kada a kwana, a kai shi asibitin dabbobi nan da nan.

Tari da majina da kwantsa ga ɗan kwikwiyo sau da yawa alamar cuta ce mai yaɗuwa tsakanin karnuka. A ware shi, a kai wa likita. Tarin da ya daɗe ga babban kare kuwa, wataƙila zuciya ce, ko tsutsar da sauro ke sa masa. In zafin bazara ne ya buge shi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai ɗan sanyi, ana fifita, kana a tafi da shi. Kada a ba shi maganin mutane.

Amma babban gargaɗi shi ne wannan. In ka ga kare baki a sake, yana dalalar da miyau kamar ƙashi ya maƙale masa, kada ka sa hannu a bakinsa. Haka ciwon haukan kare yakan nuna, miyau ɗin kuwa shi ke ɗauke da cutar. A tsare shi, a hana yara matsowa, a kira malamin dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan.

Allurar riga-kafi tun kare yana wata 3 ta fi magani sauƙi.