Bi, Kora da Tsallakawa a Bakin Bature

Bahaushe yana da wata 'yar ƙaramar kalma da yake sa ta aiki iri-iri, wato "bi". Yaro ya bi uwarsa kasuwa, kare ya bi ɓarawo, direba ya bi ta Zariya, mai kanti yana bin ka bashi. Duk "bi" ne, kuma ba wanda yake ruɗewa. Rikicin yana farawa ne ranar da ɗalibi ya buɗe ƙamus ya tarar an fassara "bi" da "follow", sai ya kwashi duk wannan kaya ya ɗora mata. Ba za ta iya ɗauka ba. Turanci ya rarraba aikin ga kalmomi da dama, kuma abin da yake dubawa wajen rabon shi ne ina mai bin yake tsaye, da wane sauri yake tafe, sannan me ya ƙulla a ransa.

Ita "follow" maganar gaba da baya ce. Wani yana gaba, kai kana bayansa, ba gudu, ba niyyar cafke kowa. Ma'aikacin asibiti da zai nuna maka ɗakin likita zai ce "follow me", ya wuce gaba. Saboda haka idan ka ce wa Bature "I will follow you to the market", abin da kunnensa zai ji shi ne za ka biyo bayansa, ba wai za ku jera tare ba. A Turancin Najeriya kowa ya san nufinka, kuma ba laifi ba ne tsakanin abokai, amma a takardar jarrabawa "I will go with you" ake so. In kuwa rakiya ce ta baƙo zuwa bakin titi, "see off" ake cewa.

Ana iya cewa "follow this road", domin hanya miƙaƙƙiya ce, kana iya bin ta har inda ta kai ka. Gari kuwa ba ya miƙewa. Wanda ya bi ta Zariya "went through Zaria" ya yi, ko "via Zaria". Batun bashi ya fi duka ban sha'awa, domin a nan Turanci juya maganar yake yi gaba ɗaya: Hausa tana farawa da mai kuɗin, "yana bin ka dubu biyar", shi kuwa Bature da wanda ya ci bashin yake farawa, "you owe him five thousand". Sauran amfanin "follow" ba su da wahala, don Hausa ma tana da irinsu, kamar bin umarni da bin wani a Facebook. Malamin da ya dakata a tsakiyar bayani ya ce "do you follow?" tambaya yake ko ana fahimta.

Da zarar gudu ya shigo, an koma hannun "chase". Wanda ke gaba tserewa yake, na baya kuma so yake ya kama shi: "the dog chased the thief". Amma a lura, kalmar fuska biyu gare ta. Idan aka ƙara mata "away" ko "out", ta tashi daga neman kamawa ta zama kora. Matar da ta fafari awaki daga kan shanyar hatsinta ba kama su take so ta yi ba, "she chased the goats away".

"Pursue" ma'anarta kusan ɗaya da "chase", sai dai ta fi zama a jarida da kotu da rahoton 'yan sanda, kuma tana ɗauke da naci da dogon lokaci. Shi ya sa ake cewa mutum yana "pursue" digiri ko sana'a ko wata ƙara. Abin da ba ta taɓa nufi ba a daidaitaccen Turanci shi ne kora. "The landlord pursued him from the house", da ake yawan ji a wajenmu, tana nuna wa Bature mai gida ne ya fito yana bin ɗan haya titi-titi. "Threw him out" ko "evicted him" ake nufi.

Waɗannan kalmomi suna da tushe a tarihi. "Follow" tsohuwar kalmar Turanci ce tun asali. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kuma ta wannan ƙofa "chase" da "pursue" suka shigo. "Chase" da "catch" ma asalinsu kalma ɗaya ce da ta zo ta karin harshen Faransanci guda biyu, ɗaya ta riƙe bin, ɗaya ta riƙe kamun. "Pursue" kuwa danginta su ne "sue" da "prosecute", duk daga wata kalmar Latin mai nufin bi.

Akwai wasu kalmomin na bi a ɓoye. "Track" bin sawu ne irin na mafarauci, ana bin alama ba tare da ganin wanda ake bi ba. "Tail" aikin ɗan leƙen asiri ne da ke bin mota daga nesa. "Stalk" sanɗa ce irin ta zaki, amma in an ɗora ta a kan mutum ta zama mummunar kalma, bibiyar wani ana hana shi sakat. A Ingila laifi ne mai sunan kansa a doka tun 2012. Kada a yi wasa da ita.

Tsallakawa kuma wani darasi ne daban. "Cross" aikatau ce, tana cin abin da aka tsallake kai tsaye: "he crossed the road". "Across" ba aikatau ba ce, ba ta tsayuwa sai da wata aikatau a gabanta: "he went across the road". Saboda haka babu "he acrossed", kuma "crossed across" maimaici ne.

To me ya sa Bature yake buƙatar duka biyun? Masanin harshe Leonard Talmy ya nuna cewa harsuna irin Turanci sun fi son sanya salon tafiya a cikin aikatau, su bar wa 'yar ƙaramar kalmar da ke biye ta nuna hanyar. Bahaushe zai ce "ya tsallake titi da gudu": tsallakewa ita ce aikatau, gudun ya zo a ƙarshe. Bature sai ya juya, "he ran across the road". Haka ake ba da labarin Matthew Webb, wanda a 1875 ya haye tekun da ya raba Ingila da Faransa da iyo, daga Dover zuwa Calais, cikin kusan awa 22: "he swam across the Channel". "He crossed it by swimming" ba kuskure ba ne, amma da jin sa ka san a aji aka koyo shi. A ganina wanda ya iya wannan juyi ya fi wanda ya haddace kalmomi ɗari kama hanyar harshen.

'Yar ƙaramar kalmar takan sauya bisa siffar abin da ke gabanka. Fili mai faɗi kamar titi ko kogi ko hamada, "across". Abu mai tsawo kamar katanga, "over": "he jumped over the wall". Abin da za ka shiga cikinsa ka fita ta wancan gefe, kamar daji ko cincirindon kasuwa, "through", wato ratsawa. Abin da ka wuce ta gefensa, "past". Gada tana karɓar "over" da "across" duka.

Siyasa ma ta ari kalmar "cross". A majalisar Birtaniya ɓangaren gwamnati da na adawa suna zaune ne suna fuskantar juna, fili a tsakani, don haka wanda ya sauya sheƙa an ce ya yi "cross the floor", kamar yadda Winston Churchill ya yi a 1904 da ya bar 'yan Conservative ya koma Liberal. 'Yan Najeriya suka mayar da filin darduma, suka ce "cross carpet". Jaridun Legas da Abuja sun saba da ita, amma mai rubuta wa jaridar Landan gara ya tsaya a kan "floor", ko ya ce "defect" kawai.