Wutar Lantarki a Gida: Yadda Ake Daidaita Fulogi, Waya da Mai Yanke Wuta

Wutar lantarki tana sauƙaƙa aiki, amma idan aka haɗa kayanta ba bisa ƙa'ida ba tana iya ƙona gida ko ta halaka mutum. A garuruwan Madawa, Buza da Keita, mutane da yawa suna shan wutar kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968. Wani ɓangare na wutar yankin Tawa yana zuwa daga Najeriya, wani kuma daga tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018. A ƙauyuka da yawa, kamar na karkarar Tama, ana dogara ga faifan hasken rana, batir da janareta. Ko wace iri ce wutarku, abubuwa uku dole su dace da juna: fulogi, waya da mai yanke wuta.

Ma'aunai uku

Ku kwatanta wuta da ruwan ban-ruwa a lambu. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke bin tiyo. Wat kuma shi ne aikin da ruwan yake yi. Wutar gida a Nijar bolt 220 ce. Idan kuna son sanin amfiya nawa wani abu yake ja, ku raba wat ɗinsa da 220. Ana rubuta wat a jikin kayan, kusa da harafin W.

Misali: dutsen guga mai wat 1000 da tukunyar dafa ruwa mai wat 2000 sun zama wat 3000. Idan aka raba da 220, ana samun kusan amfiya 14.

Fulogi da soket

Soket ɗin da aka fi sani a Nijar irin na Faransa ne, mai ramuka masu zagaye. Kayan da ake sayowa daga Najeriya, ta Illela da Birnin Ƙonni, sau da yawa suna zuwa da fulogi irin na Ingila, mai ƙafafu uku masu kusurwa. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, saboda haka kayan za su yi aiki. Bakin ne kawai bai dace ba.

Kada a yanke fulogi a cusa tsirarar waya cikin soket, a tokare ta da tsinken ashana. Haɗin da bai kama sosai ba yana tartsatsi, yana zafi, daga nan gobara take tashi. A sa ma'aikacin lantarki ya canza fulogin, ko a sayi mahaɗi mai ƙwari.

Kayan da aka yi domin Amurka kuwa wutarsu bolt 110 zuwa 120 ce. Idan aka sa su a wutarmu za su ƙone nan take, sai fa idan an rubuta 100-240 V a jikinsu, kamar yawancin cajar wayar hannu.

Kaurin waya

Siririn tiyo ba ya ɗaukar ruwan babban inji. Haka siririyar waya: idan wuta ta yi mata yawa, sai ta yi zafi, robarta ta narke. Ana rubuta kaurin waya da lamba a jikin robarta. Ƙa'idar da ma'aikata suke bi ita ce:

Waya mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai yanke wutarta amfiya 10, kada ya wuce 16.
Waya mai lamba 2.5 ta soket ce, mai yanke wutarta amfiya 16, kada ya wuce 20.
Waya mai lamba 6 ta babban murhun lantarki ce, mai yanke wutarta amfiya 32.

Araha ba ta ado. Akwai waya a kasuwa wadda cikinta sanholo ne, an shafa mata jan ƙarfe a sama. Ku kankare bakinta da wuƙa kafin ku saya. Idan fari ya bayyana, ba za ta ɗauki nauyin da jan ƙarfe na ainihi yake ɗauka ba.

Ku san launuka kuma. Shuɗiya ita ce wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta. Mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa maimakon jikin mutum. Firiji, dutsen guga da duk abin da jikinsa ƙarfe ne suna bukatar wannan waya ta uku.

Mai yanke wuta

Mai yanke wuta shi ne ɗan makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa. Aikinsa kare waya, saboda haka ana zaɓensa bisa kaurin wayar. Idan yana yawan faɗuwa, gargaɗi yake yi muku: ku rage kaya, ko ku kira ma'aikaci. Kada a canza shi da wanda ya fi shi girma, kada kuma a ɗaure fiyus da ya ƙone da guntun waya.

Ku koma ga misalinmu na amfiya 14. Mai yanke wuta na amfiya 16 ba zai faɗi ba. Amma idan an jona kayan biyu a kan siririyar wayar ƙari mai lamba 0.75, wadda ba ta ɗaukar fiye da kimanin amfiya 6, wayar ce za ta ƙone.

Akwai wani iri na musamman, mai rubutun 30 mA, wanda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Wannan shi ne mai kare rai. Ku danna maɓallin gwajinsa lokaci zuwa lokaci.

Batir, hasken rana da janareta

Batir bolt 12 ne, amma kada a raina shi. Talabijin mai wat 60 yana jan amfiya 5 daga batir, alhali a wutar gida bai kai rabin amfiya ba. Saboda haka wayar batir ta zama mai kauri kuma gajera, a sa mata fiyus kusa da kan batirin.

Kada a jona janareta da wayar gida sai an raba gidan da layin NIGELEC ta makunnin sauya layi. In ba haka ba, wutar za ta bi layi ta kama ma'aikacin da ke kan turke. A ajiye janareta a waje, domin hayaƙinsa yana kisa a ɗaki.

Idan hatsari ya auku

Idan wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi. Ku yanke wuta tukuna, ko ku ture wayar da busasshen itace, sannan ku kai shi asibiti. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa. A yanke wuta, a rufe ta da yashi.

Ku duba soket ɗin gidanku yau. Duk wanda ya yi baƙi, ko yake zafi, ko yake warin ƙonanniyar roba, a daina amfani da shi har sai an gyara.