Kiwon Kajin Nama: Ba Abinci Kaɗai Ke Sa Kaza Nauyi Ba

Kiwon kajin nama, waɗanda ake kira burola, ya zama sana'a a Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Maza suna yi, mata ma suna yi a cikin gida. Mafi yawa suna zuba 'yan tsaki ne saboda kasuwar Sallah, ko bukukuwa, ko masu gasa kaji.

Abin da ya sa ake son wannan kaza shi ne saurin girma. Ranar da aka ƙyanƙyashe ta nauyinta wajen giram 40 ne. Idan ta sami kulawa, cikin mako 6 zuwa 8 sai ta kai kilo 2 ko fiye.

Amma sau da yawa akan ji mai kiwo yana kuka. Ya sayi abinci buhu-buhu, kaji sun ci, amma sun tsumbure. Sai ya ɗora laifin a kan mai sayar da abinci. Wani lokaci laifin abincin ne. Sau da yawa kuwa cuta ce ta karya garkuwar jikin kajin tun suna ƙanana.

Mece ce garkuwar jiki?

Garkuwar jiki ita ce ƙarfin da jiki ke da shi na yaƙar cuta. Ɗan tsako yana fitowa da guzurin garkuwa daga uwarsa, ta cikin gwaiduwar ƙwai. Wannan guzuri ba ya daɗewa. Cikin mako 2 zuwa 3 sai ya ƙare. Daga nan sai ɗan tsako ya yi tasa garkuwar da kansa.

A nan ne rigakafi yake da amfani. Maganin rigakafi ƙwayar cutar ce da aka kashe mata kaifi. Idan ta shiga jikin kaza, sai jikin ya gane ta, ya yi shirin yaƙi. Wannan shiri yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa rigakafin da aka yi bayan cuta ta shiga ɗaki ba ya ceton kaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kazar da ba ta da lafiya ba ta cin abinci sosai. Ɗan abin da ta ci kuma yaƙi da cuta yake tafiya, ba ya zama nama. Kazar nama kuwa kwanakinta ƙidayayyu ne. Idan ta yi mako guda ba ta ƙaru ba, da wuya ta cike giɓin kafin ranar kasuwa.

Manyan cututtuka biyu

Ta farko ita ce fakat, wadda likitoci ke kira Newcastle. An fara ganin ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da garin Newcastle na Ingila. Ta fi tsanani lokacin hunturu. Kaza takan yi koren kashi, ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar, wuyanta ya murɗe. Takan share ɗaki guda cikin 'yan kwanaki.

Ta biyu ita ce gumboro. Sunan wani ƙauye ne a Amurka inda aka fara ganin ta. Ta fi kama kaji 'yan mako 3 zuwa 6. Sukan yi farin zawo, gashinsu ya tashi, su taru wuri guda su yi tsuru-tsuru.

Gumboro ta fi mugunta a ɓoye. Akwai wata 'yar jaka a cikin jikin ɗan tsako, kusa da mafitar kashi. A cikinta ne sojojin jiki suke samun horo. Ita gumboro take lalatawa. Idan ta kama ɗan tsako kafin ya kai mako 3, mai kiwo ba zai ga alama ba, amma garkuwa ta riga ta karye. Ko an ba irin waɗannan kaji rigakafin fakat, ba ya kama su sosai. Sai mura da kashin jini su yi ta bin su. Su ci abinci, su ƙi girma.

Duka biyun ƙwayar bairas ce ke kawo su. Kafso ba ya kashe bairas. Barkono da sassaƙen maɗaci da ake jiƙa wa kaji su ma ba sa kashe ta. Rigakafi ne kawai mafita.

Yadda ake ba da rigakafi

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafin cututtukan nan biyu. Na fakat da aka fi sani shi ne Lasota. A al'ada ana ba kajin nama na gumboro sau biyu, Lasota sau biyu, a cikin watan farko. Malamin dabbobi shi zai tsara ranakun. Wajen sayen 'yan tsaki a tambayi irin rigakafin da aka yi musu a inda aka ƙyanƙyashe su.

Babban abokin gabar maganin rigakafi shi ne zafi. A ƙasar Kabi, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Maganin da aka saya a Birnin Kebbi aka sa a aljihu, aka hau kabu-kabu zuwa ƙauye, ya mutu tun a hanya. Mai kiwo zai ba kaji yana zaton ya yi rigakafi, alhali ruwa kawai suka sha. Don haka:

1. A sayi magani inda ake ajiye shi a firji. A ɗauko shi cikin fulas mai ƙanƙara.
2. A ba kaji da sassafe, kafin rana ta yi zafi.
3. A janye musu ruwa na awa ɗaya zuwa biyu, don su ji ƙishirwa.
4. A haɗa da ruwan rijiya mai tsabta da sanyi. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana kashe maganin.
5. A ƙara mazubin ruwa, don kowace kaza ta samu. Su shanye cikin awa biyu.
6. Abin da ya rage ba a ajiye shi sai gobe.

Rigakafi na son taimako

Abinci mai funfuna yana rage garkuwa kuma yana hana girma. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi funfuna ba ta kaji ba ce, ko da araha aka same ta.

Ƙaiƙayin shinkafa yana da yawa a Argungu da Birnin Kebbi, kuma shimfiɗa ce mai kyau. Amma sai busasshe. Idan ya jiƙe a kwashe a sake wani.

A raba kajin nama da kajin gida da zabi da agwagi, domin su ne ke kawo fakat har ƙofar ɗaki. Su ma suna da nasu rigakafin mai jure zafi, mai suna I-2, wanda ake ɗiga musu a ido. Dillalin da ya fito daga kasuwar kaji kada ya shiga ɗakin kiwo. Kazar da ta mutu a binne ta ko a ƙone ta. Bayan an sayar da kaji a wanke ɗaki, a bar shi mako biyu kafin a zuba sababbi.

Idan kaji suka riƙa mutuwa da yawa farat ɗaya, a hanzarta sanar da asibitin dabbobi. Mai yiwuwa murar tsuntsaye ce, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006. Lasota ba ya kare ta, kuma tana iya kama mutum.

Abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kajin nama. Kuɗin rigakafin kaji 100 kuwa bai kai na buhun abinci ɗaya ba. Wanda ya ƙi kashe wannan ɗan kuɗi, ya sa dukan jarinsa a bakin kura. Rigakafi ya fi magani.