Aikin Laisosom a Ƙwayar Halittar Dabba: Bayani Domin Malaman Ilmin Halittu

A wannan sashe za mu yi bayanin laisosom, wanda muka ga ya dace a kira shi jakar narkarwa, domin sunan ya nuna wa ɗalibi aikinsa tun daga farko.

Jakar narkarwa 'yar mitsitsiyar jaka ce da ke cikin ƙwayar halittar dabba. Masanin nan na ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ya gano ta a shekarar 1955, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1974. A cikinta akwai sinadaran narkarwa sama da iri 50, masu farfasa furotin da kitse da dangin sukari. Sinadaran ba sa aiki sosai sai a wuri mai tsami, wajen maki 5 a ma'aunin tsami, alhali ruwan da ke kewaye da jakar yana wajen maki 7. Don haka ko da kaɗan sun yoyo, ba sa yin ɓarna mai yawa.

Manyan ayyukanta uku ne: narkar da abin da ƙwayar ta haɗiya daga waje, rushe sassanta da suka tsufa domin a sake amfani da kayansu, da kuma kashe ƙwayoyin cuta.

Aiki na uku shi ne muke da misalinsa a kusa. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, farar ƙwayar jini takan haɗiye ta, ta kulle ta cikin wata jaka, sannan jakar ta haɗe da laisosom a narkar da ita. To amma ƙwayar tarin fuka, ta mutum ko ta shanu, tana hana wannan haɗewa. Sai ta zauna cikin ƙwayar da ta haɗiye ta, ta yi ta hayayyafa. Jiki kuma ya kewaye wurin da wasu ƙwayoyin kariya, har a sami ƙulluttai a huhu. Waɗannan ƙulluttai na cikin abubuwan da masu duba nama ke nema a mahautar Maiduguri, domin cutar tana kama mutum, musamman ta hanyar madarar da ba a tafasa ba.

Shawararmu ita ce malami a Maiduguri ya fara darasin da abin da ɗalibai suka sani, wato Kasuwar Shanu da mahauta da madara, kafin ya zana hoton ƙwayar halitta a allo. Ta haka ɗalibi zai fahimci cewa darasin ya shafi lafiyar gidansu kai tsaye.