Rigar Ƙirjin Mai Tsaron Gida a Wasan Hoki: Yadda Take Tare Bugu da Yadda Ake Zaɓenta

A shekarar 1826 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai yaƙi Konya, garin da Gobirawa suka tattaru bayan faɗuwar Alƙalawa. Cikin ayarinsa akwai wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, wanda ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ƴan lifida ne suka fi ɗaukar hankalinsa. Ya ce saboda nauyin rigar, sai mutum biyu sun cicciɓi mahayi kafin ya iya hawa doki. Ya kuma ga yadda harsashin bindiga ya ratsa lifidin na kan gaba, ya kayar da shi. Jikokin Gobirawan da suka tsare Konya a ranar su ne yau a Tsibiri da Cadakori da sauran ƙasar Gidan Rumji, kuma har gobe ana ganin ƴan lifida a hawan salla na manyan fadoji. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Matsalar da masu ɗinka lifidi suka yi fama da ita ba ta ƙare ba. Yaya za a kare ƙirji da kafaɗu da hannuwan mutum daga abin da ke zuwa da gudu, ba tare da an ɗaure shi ya kasa motsi ba, ba kuma tare da zafi ya gama da shi ba? A filin wasa, wanda wannan tambaya ta fi shafa shi ne mai tsaron gida a hoki, wasan da wasu ke kira ƙwallon gora. A ƙasar Maraɗi kokowa da ƙwallon ƙafa ne suka mallaki fili, amma da an tsallaka iyaka za a tarar da hoki da ransa: Kaduna na da ƙungiyoyin Kada Stars da Kada Queens, kuma ƙungiyar mazan Najeriya ta zo ta uku a gasar kofin Afirka da aka yi a Akra a watan Janairun 2022. Duk makarantar da ta yi niyyar fara wasan, kayan gola ne za su fi cin kuɗinta, su ne kuma aka fi yin kuskure wajen sayensu.

A fara da ita kanta ƙwallon. Ta hokin fili roba ce mai tauri, nauyinta tsakanin giram 156 da 163. Ƙwararren ɗan wasa na iya aiko ta da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Idan ta taso da gudun mita 30 a daƙiƙa, ƙarfin da take ɗauke da shi daidai yake da na nauyin kilo 5 da aka sako daga tsayin mita ɗaya da rabi, kuma dukansa zai sauka ne a wuri ɗan ƙarami. Gudu ya fi nauyi muhimmanci a nan, domin idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa rigar da ta wadaci yaron firamare ba za ta wadaci wanda ke fuskantar samari ba, ko da girman jikinsu ɗaya ne. Ga kuma ƙarancin lokaci. Bakin da'irar da ake cin ƙwallo daga cikinta mita 14.63 ne daga raga, wato kimanin rabin daƙiƙa ke nan ƙwallon za ta yi a hanya. A bugun daga kai sai mai tsaron gida kuwa, tazarar ba ta kai mita shida da rabi ba. Babu damar kaucewa, kuma ma ba kaucewa aka sa shi ba. Aikinsa ya sa jikinsa a hanyar ƙwallo.

To me rigar ke yi? Ba ta ɓatar da ƙarfin bugu, domin ƙarfi ba ya ɓacewa. Abu biyu take yi masa. Na farko ta baza shi. A waje, ko a ƙarƙashin yadin waje, akwai faranti na roba mai tauri a kan ƙashin tsakiyar ƙirji da kafaɗu da gwiwar hannu. Ƙwallon da za ta sauka a kan haƙarƙari ɗaya, sai farantin ya raba nauyinta ga haƙarƙari huɗu ko biyar. Na biyu ta tsawaita tsayuwar ƙwallon. A bayan farantin akwai soso mai ƙarfi, a bayansa kuma wani mai laushi da ke manne da jiki. Idan ƙwallo ta tsaya cikin santimita ɗaya, jiki zai ji wani ƙarfi. Idan soso ya sa ta tsaya cikin santimita uku, kashi ɗaya cikin uku na wancan ƙarfin ne zai iso. Audugar rimin da ake cusawa cikin lifidi wannan aikin na biyu take yi, sulken da wasu mayaƙa ke sawa kuma ya hana tsini ratsawa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka kauri shi ne kariya. Soso iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗun ƙofofi, irin na katifa da kujera: da an danna shi iskar ciki ta fice, ya lotse har ƙasa. Ƙwallo mai gudu ba ta ma san yana nan ba, ga shi yana shan gumi ya yi nauyi ya yi wari. Akwai kuma mai rufaffun ƙofofi, dangin wanda ake yin silifas da shi, wanda iskarsa ke kulle cikin ƙananan ƙwayoyi, ya yi ta tirjewa yayin da ake danna shi. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan kayan gola, shi kamfanoni irin su OBO na ƙasar Niyu Zilan suka gina sunansu a kai. Saboda haka idan rigar ƙungiya ta yage, tela ko baduku na iya sake mata maɗauri da ɗinki, aikinsu ne kuma sun iya. Amma kada a yarda a cika gurbin sosonta da na katifa. A ido za ta yi kyau, ta ma fi da kumbura, a fili kuwa mai ita tsirara yake.

Sai a bambance hoki biyu, domin kayansu kan gauraya idan sun zo ta gwanjo ko ta kyautar wata ƙungiya daga waje. Hokin ƙanƙara, na Kanada da Amurka da Rasha da arewacin Turai, da faifan roba ake yinsa, wanda ake daskarar da shi kafin wasa, kuma an taɓa auna bugun ɗan wasa Zdeno Chara a 2012 ya kai kilomita 175 a awa. Golan ƙanƙara yana so faifan ya mutu a ƙirjinsa ya danne shi, don haka rigarsa doguwa ce, mai nauyi, haɗe da hannuwa har wuyan hannu, an kuma ɗinka ta don wuri mai sanyi. Golan fili kuwa doka ta hana shi kwanciya a kan ƙwallo, turar da ita gefe yake yi, yana fitowa da gudu, yana zamewa, yana miƙewa. Rigarsa ta fi sauƙi, sau da yawa ma ƙirjin daban, kariyar damtse da gwiwar hannu daban. A sa wa yaro rigar golan ƙanƙara a watan Afrilu a Gazawa ko Agiye, inda zafi ke haura digiri 40, ba ƙwallo ce za ta fara kayar da shi ba. Soso mai rufaffun ƙofofi ba ya barin iska ta ratsa, don haka a yanayinmu sai a nemi riga mai raga-raga a baya, mai ramukan shan iska, a kuma mai da atisaye safiya ko yamma, da ruwan sha a bayan raga.

Wani abin da ya kamata mai horarwa ya sani: dokar Hukumar Hoki ta Duniya, FIH, abu uku kawai ta wajabta wa gola, wato kwalkwali, da kariyar ƙwauri, da kariyar da ake sawa a kan takalmi. Rigar ƙirji da ta hannuwa halatta su ta yi, ba ta tilasta ba. Alƙalin wasa ba zai kori golan da ya shigo babu rigar ƙirji ba. A ganina wannan giɓi ne da ya rataya a wuyan malami da iyaye, domin abin da ke bayan haƙarƙarin hagu ya fi ƙwauri tsada. Dokar ta kuma hana kayan da ke ƙara wa gola girma fiye da kima. A gasar hokin ƙanƙara ta NHL a Amurka da Kanada ma an rage girman rigar ƙirji a kakar 2018, har wasu gololi suka koka da yawan kurman rauni a kafaɗa da hannu.

Batun zuciya na buƙatar a tsaya a kansa. A cikin kowane bugun zuciya akwai wani ɗan taƙi, wanda bai kai kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa ba, da idan abu mai tauri ya daki ƙirji daidai saitin zuciya a cikinsa, tsarin bugun kan rikice, mutum ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ko ƙashi ɗaya ya karye ba. Yara da samari ya fi kamawa, domin ƙirjinsu bai gama ƙwari ba. Duniya ta ga irinsa ranar 2 ga Janairun 2023, lokacin da Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ya faɗi a tsakiyar wasan ƙwallon Amurka, aka kuma ceto shi saboda an fara danna masa ƙirji nan take, aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya. Ba kowace rigar kariya ke hana wannan ba. Wasu an same su suna zamewa daga saitin zuciya da zarar mai su ya ɗaga hannu. Wannan ne ya sa hukumar NOCSAE ta Amurka ta fito da ma'aunin gwaji na musamman, ND200, ga rigunan wasu wasanni masu ƙwallo mai tauri. A Turai kuma kayan golan hokin fili na da nasu ma'aunin, EN 13546. Idan an ga wannan lamba a jikin riga, alama ce an gwada ta. Duk da haka, mai horarwar da ya iya danna ƙirji yana cikin kayan kariyar gola.

Yanzu ga awo, wanda a nan yawancin rauni ke samo asali. Ƙwallo ba ta cika ji wa mutum ciwo ta tsakiyar faranti ba, ta giɓi take shiga. Ba a gwada riga a tsaye ƙiƙam. Gola ya sa ta tare da kwalkwali da safar hannu da wandon kariya, sannan ya tsaya irin tsayuwar da yake yi a raga, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a sama. A duba wuya tukuna. Idan ya durƙusa sai rigar ta haura ta tokare masa haɓa ko ta ture kwalkwali, ta yi masa tsawo. Idan kuma wuyanta ya zazzago har ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya fito fili, ta yi masa faɗi, kuma wannan ƙashin ba ya da wuyar karyewa. Farantin tsakiya ya rufe daga gindin wuya har ƙasan ƙahon zuci, ya kuma zauna a nan ko da an ɗaga hannu biyu sama. Ƙasan rigar ya haɗu da saman wando, kada a bar mara a buɗe. Gwiwar hannu ta zauna cikin ƙoƙon da aka yi mata, ba sama ba, ba ƙasa ba. Hannun rigar ya tsaya kaɗan kafin wuyan hannu, yadda bakin safa zai hau kansa ba tare da ya hana juya sanda ba. Sai a sa shi ya kwanta gefe kamar mai tare ƙwallon ƙasa, a duba hammata da haƙarƙarin gefe, inda riguna masu araha suka fi gazawa. In ya kasa miƙewa da sauri, ko ya kasa haɗa tafukansa a saman kai, to rigar ce ke tsaron gidan ba shi ba, kuma ba za ta iya ba.

Maƙogwaro ba ya cikin rigar ƙirji, ba ya kuma cikin kwalkwali, don haka ake mantawa da shi. Akwai ɗan farantin da ake ratayawa a haɓar kwalkwali, akwai kuma abin wuya mai soso. Masu hokin ƙanƙara sun ɗauki darasin ne da jini a 1989, lokacin da kaifin ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin wani ɗan wasa ya yanki jijiyar wuyan gola Clint Malarchuk, ya tsira da ƙyar. A fili babu kaifin takalmi, amma akwai sanda, akwai ƙwallon da ta daki wata sanda ta tashi sama. Mata kuma a nema musu rigar da aka yanka don jikin mace, domin ta maza kan bar sarari tsakanin faranti da jiki, ta riƙa yawo.

Al'adarmu ta saya wa yaro riga da ɗan girma don ta kai shi baɗi ba ta da wuri a nan. Rigar da ta yi girma juyawa take yi, farantin zuciya ya koma gefe. Gara a sayi tsohuwa mai kyau daidai jikinsa da a sayi sabuwa wadda sai ya girma zai cika ta. Sayen na hannu ba laifi ba ne, in an duba. A danna soson da babban yatsa: ya tirje, ya kuma dawo nan da nan. Wanda ya bar rami, ko yake marmashewa, ya gama aiki. A lanƙwasa farantan a hankali a nemi tsaga. A ja kowane maɗauri. Bayan an saya, a riƙa wanke ta da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana na gasa roba da soso su yi gautsi, rigar da aka cusa cikin jaka da gumi kuma ƙuraje take kawowa, musamman idan yara da yawa ke karɓa-karɓa da ita.

Ga malaman wasanni da shugabannin makarantu da ke tunanin shigo da hoki, a Cadakori ne ko a Kaduna: idan kuɗin da ke hannu bai kai a sayi kwalkwali da kariyar maƙogwaro da rigar ƙirji daidai jikin yaro ba, a yi atisaye da ƙananan raguna babu gola har ranar da kuɗin suka samu. Kada a tsayar da ɗan kowa a raga da rigar da ba tasa ba.