Shin Ko Kun San? Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Kwalabe

Shin ko kun san cewa Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar da ake gayyata Amurka da Turai, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko? Anar sunan faifan, a 2008, kuma daga waya zuwa waya ya yi ta yawo a katin memori har ya bazu a ƙasashen Sahara. Saboda haka in saurayi a Bodinga ko Shagari ya ce yana neman jita da amfilifayarta, ba wani baƙon abu ya ɗauko ba.

Shin ko kun san amfilifaya iri biyu ce? Wadda muka saba gani a masallatai da wuraren wa'azi da kamfen, irin su Ahuja da TOA, da taranzista take aiki. Akwai kakarta mai kwalabe. In ka leƙa bayanta za ka ga 'yan kwalaben gilashi a jere, an zuƙe musu iska, wata siririyar waya tana ja a ciki. Wani mai suna Fleming ya ƙirƙiro kwalba ta farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara mata wayar da ke ɗaga sauti a 1906. Lokacin da aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, duk rediyon da ke magana ta lasifika kwalba ce a cikinsa. Taranzista ta zo a 1947, kuma kafin Shagari ya hau mulki a 1979 ta kori kwalba daga rediyon gida, sai dai talabijin mai doro da ta rage.

Makaɗan jita ne suka ƙi saki. Dalilinsu? In an ƙure murya, kwalba ba ta tsage sauti farat ɗaya. A hankali take shaƙewa, muryar ta yi kauri kamar ta maroƙin da ya kwana yana kirari. Wannan shaƙewar ake biya da tsada.

Ko kun san Leo Fender, wanda sunansa ke jikin shahararrun amfilifayoyi, bai iya kaɗa jita ba? Mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya. Jim Marshall kuma makaɗin ganga ne mai kanti a Landan, a 1962 ya kwaikwayi wata amfilifayar Fender ya fitar da tasa. A ganina wannan tarihin ne ya sa tsofaffin ke da sauƙin gyara: komai a fili yake, an haɗa da dalma, in abu ya mutu a ciro shi a sa wani. Dattijon mai gyaran rediyo da ya riski zamanin kwalba zai fi yaron da ke gyaran waya gane kanta.

To ga inda masu sayen gwanjo ke yin asara. Wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take ci, wutarmu kuwa 230 ce. Idan aka soka ta kai tsaye, in an yi sa'a fiyus ya tsinke, in ba a yi ba taransifomar ciki ta ƙone, kuma ita ce mafi tsadar kayan cikinta. A karanta rubutun da ke bayanta kafin a yi ciniki. Ko an sa mata taransifomar rage wuta, tana iya ɗaukar zafi fiye da yadda ta saba, domin wutar Amurka sau 60 take kaiwa da komowa a daƙiƙa, tamu sau 50. Mai amfani da janareta kuma ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna ta, ya kashe ta kafin mai ya ƙare.

Shin ko kun san kunna ta ba lasifika a haɗe yana iya kashe ta? Ƙarfin da ya rasa mafita yakan koma ya cinye taransifomar sauti. Dole ne lambar da ke jikin lasifika, 4 ko 8 ko 16, ta dace da wadda aka rubuta a ramin da za a soka ta.

In ka je saye, kada ka yarda da "ai ka ji tana yi". Ka ce a bar ta a kunne rabin sa'a, domin yawancin ciwonta sai ta yi zafi yake fitowa. Ka kasa kunne: gurnani mai kauri da ba ya yankewa alama ce kafasitoci sun bushe, kuma a injin da ya shekara 30 ko 40 wannan ba abin mamaki ba ne, sai a rage kuɗin canjinsu daga farashi. Ka ƙwanƙwasa ƙananan kwalaben a hankali da fensir. Wadda ta amsa da ƙara a lasifika ta gaji. 'Yar jar wuta a tsakiyar kwalba lafiya ce, amma in faffaɗan ƙarfen ciki ne ya yi jajir, a kashe nan take. Akwai wani tabon azurfa a kan gilashin, in ya koma fari, iska ta shiga, kwalbar ta mutu. A sunsuna ma. Warin ƙuna ba ya ƙarya.

Ko kun san tana iya kisa bayan an zare ta daga soket? Cikinta bolt 400 zuwa 500 ke yawo, kuma kafasitoci na riƙe wuta bayan an kashe. Buɗe ta aikin mai gyara ne. In filoginta mai ƙafa biyu ne, a canza mata waya mai ƙafa uku da ke kai wuta ƙasa. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita.

Zafin Afrilu a Sakkwato yakan haura digiri 40, ita kuma da nata zafin take tafe. Kada a jingina ta da bango, kada a bar ta a rana wurin biki. Da hunturu a lulluɓe ta in ta huce, don ƙura ce ke sa maɓallan murya ƙaraf-ƙaraf. Kada a ɗora ta a babur da zafinta. Ga kuma nauyi: amfilifayar Vox AC30, irin wadda mawaƙan Beatles suka yi amfani da ita, ta haura kilo 30.

Sababbin kwalabe fa? Masana'antun da suka rage 'yan kaɗan ne, akasari a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa yaƙin Yukiren a 2022 ya tayar da farashinsu. Kafin ka biya, duba lambar da ke jikinsu. In 12AX7 ce ko 6L6 ko EL34 ko EL84, ana ƙera su har yau. Manyan kwalabe kuma a saye su bibbiyu masu ƙarfi ɗaya, a yawancin injuna sai mai gyara ya daidaita musu wuta bayan an sa.