Wuri: Kuɗin Da Ya Zama Kayan Tuna Masoyi

A gidaje da yawa a Mahuta da ƙauyukan Fakai, idan aka buɗe tukunyar tsohuwa ko adudunta, akan tarar da 'yan ƙwayoyin wuri. Wasu a zube, wasu an shirya su a zare, wasu an ɗinke su a jikin fata. Yara kan ɗauka su yi wasa da su, ba su san cewa wannan abu ya yi tafiyar da babu wani ɗan garin da ya taɓa yin irinta ba.

Wuri ƙoƙon wata ƙaramar dabba ce ta teku, mai kama da dodon koɗi. Ba a samun sa a kogin Ka ko a Kwara. Mafi kyawunsa daga tsibiran Maldif yake fitowa, can kudu da ƙasar Indiya. Mutanen tsibiran sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, dabbobin su manne a jiki. Sai a jawo ganyen a shanya a kan rairayi, naman ya ruɓe, ƙoƙon ya rage fari tas. Daga nan jiragen ruwa su kwasa.

Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Fatake ne suka yi ta baza shi kasuwa kasuwa har ƙasar Zuru. Wuri dubu ashirin shi ake kira keso. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya zo Kano, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Mai sayen doki sai ya nemi jakin da zai ɗauki kuɗin, da mutanen da za su zauna su ƙirga.

Da wuri ake yin toshi a ƙasar Hausa a wancan zamani, da shi ake biyan sadaki. A ƙasar Zuru kuwa, saurayin Dakarkari da ƙarfinsa yake neman aure. Yakan shiga golmo, ya yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa. Amma ko'ina mata sun ɗauki wuri kayan ado. Fulani na kitsa shi a gashi, ana ɗinka shi a ɗamara da jakar fata, ana rataya wa jariri.

Yarbawa ma har wasiƙa suke yi da shi, suna kiranta aroko. Saurayi ya shirya wuri shida a zare ya aika wa budurwa. A harshensu kalmar shida tana kama da kalmar jawowa, wato yana cewa zuciyarsa ta jawu gare ta. Idan ta mayar masa da takwas, to ta amince. Ga wasiƙa ba alƙalami, ba takarda, kuma mai kai saƙon ba lalle ya san abin da ya ɗauko ba.

Turawa ma suna da tasu al'adar ta ƙoƙon teku. Tsakanin 1830 da 1890, matuƙan jiragen ruwa na Ingila da Amurka sukan yi shekaru ba su ga gida ba. Idan za su koma, sai su riƙo wa mata ko budurwa tsaraba: wani ɗan akwatin katako mai kusurwa takwas, da gilashi a fuskarsa. A ciki an jera ƙananan ƙoƙuna masu launi iri iri, an yi siffar fure ko ta zuciya, wani lokaci da rubutu mai roƙon kada a manta da mai kyautar. An daɗe ana zaton matuƙan ne ke yin su da hannunsu a cikin jirgi. Ashe saye suke yi. Bincike ya nuna matan tsibirin Barbados ne ke yawancin aikin, har an tarar da tsohuwar jaridar tsibirin a bayan wani akwatin da aka buɗe domin gyara. Mafi yawan mutanen Barbados jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, kuma da wuri aka sayi da yawa daga cikin kakanninsu.

A nan gida darajar wuri ta fara faɗuwa bayan 1845, lokacin da 'yan kasuwar Jamus suka rika jigilar wani iri mai ɗan girma daga Zanzibar. Ya yi yawa, ya yi araha. A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da shi Arewa. Anini da kobo da sule suka maye gurbinsa, daga baya kuma naira ta zo a 1973. Abin da ya rage a hannun tsofaffi yanzu ba ya sayen ko gishiri, amma wata ta san wanda ya ba ta, da ranar da ya ba ta.

Dillalan kayan tarihi sukan bi ƙauyuka suna sayen irin waɗannan kaya a kan kuɗi kaɗan, su kai birni su sayar da tsada. Tun 1979 dokar Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi ƙasar waje ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Kafin a sayar da ɗamarar kaka, ya kamata a fara tambayar ta labarinta, wanda ya iya rubutu ya rubuta a takarda, a ajiye tare.

Shi wuri ba ya ruɓewa, zaren da fatar ne ke lalacewa. A ajiye shi inda babu danshi, nesa da gara da ɓera. Idan ya yi datti a goge da tsumma mai ɗan laima. Kada a wanke shi da lemun tsami ko ruwan tsamiya, domin tsami yana cin ƙoƙon, ya kashe masa ƙyalli.